Fanaretin da Na Buga a Hanyar Isa

Shekarun baya ne, lokacin da na dawo gida Sabon Birni da gwiwa mai ɗinki da kuma girman kai wanda likita bai taɓa ba. Masu tambayata me ya sa ba na buga fanareti ko a wasan tsofaffi, yau ga amsarku.

Na daɗe ina buga lamba tara. A filin firamare na fara ba takalmi, wani koci ya gan ni a wata gasa a Sakkwato ya ɗauke ni, daga nan na yi kudu wani kulob mai biyan albashi, na kuma taɓa bugawa a Nijar. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban iya tare ba, kuma komawa baya in taya 'yan baya aiki ne da na bar wa masu tsoron Allah. Kociyoyina sun zage ni har sun gaji. Abu ɗaya na iya, in ƙwallo ta same ni a gaban raga, to mai tsaron gida ya fara tunanin abin da zai faɗa a gida. Fanareti kuwa ni ke bugawa duk inda na je. Sai in kalli wannan kusurwa in saka a waccan. Ran da wani ɗan baya ya hau mini gwiwa aka yi tiyata, ranar wasana ya ƙare.

Da na dawo sai na tara samarin unguwa na zama koci. Na ce yadda aka horar da ni a kudu haka zan horar da su. Ana idar da asuba mu fita gudu a kan hanyar bayan gari, layi biyu, riga iri ɗaya, suna waƙa, ni ina baya ina busa usur. Ni a ganina ƙwarewa ce na kawo wa mutanenmu.

Mahaifiyata ce ta fara yi mini magana. Ta ce, "Wanga gudu naku na sahe, mutane na magana. Ba ka ganin yadda garin yake?"

Na yi dariya na ce motsa jiki ne kawai, Inna. A lokacin mutanen daji sun riga sun matsa wa ƙauyukanmu, kuma ba wanda suka tsana irin 'yan sa-kai, samarin da ke ɗaukar bindiga su tsare gari. In sun kama ɗan kasuwa, ana iya sa ran ya dawo. In sun kama wanda suke zargin ɗan sa-kai ne, ba a sa rai. Na san wannan sarai, amma ko sau ɗaya ban tsaya na kalli layinmu da idon wanda ke leƙe daga cikin gona ba.

Mai tsaron gidan ƙungiyarmu ɗan yayata ne. A Gatawa suke da zama, har aka kashe mahaifinsa a gona, yayata ta tattaro ta dawo gidanmu. Dogo ne, ba shi da yawan magana, a fili ya ce mini Koci, a gida ya ce Kawu. Bai taɓa kama fanaretina ba, kuma ban bar shi ya manta da haka ba. In ya bi idona in saka a ɗaya gefen. In ya yi wayo ya saɓa wa idona, in saka inda na kalla. Kullum ina gaya masa ya daina kallon fuskata, ya kalli ƙafar da na dasa kusa da ƙwallo, inda yatsunta suka nuna can za ta. Ya ce to, gobe kuma ya sake kallon fuskata.

Da damina aka gayyace mu wasan sada zumunci a Isa. Da safe na tarar da yayata tana ɗaura masa kambu a damtse, ƙarƙashin riga. Na fara tsokanarta ko maganin kama ƙwallo ne, sai na ga ba ta yi dariya ba.

Ta ce, "Shi kaɗai yar rage mani namiji. Yadda kat tahi da shi, haka za ka maido mani shi."

Wani abokina da ke jigilar kaya zuwa Nijar shi ya ɗauke mu a motarsa. Mun tashi bayan azahar. Gero ya yi tsayi a gefe da gefe, ba ka ganin komai sai hanya. Samarin suna ta waƙa a baya, har abokina ya taka birki da ƙarfi, waƙar ta yanke. Babura ne a tsakiyar hanya, wasu kuma suna fitowa daga cikin geron ta bayanmu, kowa da bindiga, fuska a naɗe da rawani.

Aka sauke mu aka kwantar da mu rubda ciki. Ina jin ƙasa a bakina, ina jin numfashin na kusa da ni yana fita guntu-guntu. Na sha shiga filin da 'yan kallo ke jifa da duwatsu, na ɗauka na san tsoro. Ashe ban taɓa haɗuwa da shi ba.

Babbansu ya zo ya tsaya a kanmu. Daga muryarsa na gane na girme shi nesa ba kusa ba.

Ya ce, "Wa na mai usur cikinku?"

Na ɗaga hannu. Ya ce in tashi.

"Kai ka horas da 'yan sa-kai kullum da sahe. An hwaɗa muna."

Na rantse da Allah 'yan ƙwallo ne. Na nuna masa buhun takalma da ƙwallo. Ya sa aka duba kafaɗun kowa, ana neman kantar igiyar bindiga. Ya ga ɗinkin gwiwata ya tambaya ko harsashi ne, na ce tiyata ce ta zamanin da nake buga lamba tara. Kamar za a wuce wurin, sai wani ya ɗage hannun rigar ɗan yayata ya ga kambu. Nan take aka ja shi gefe aka durƙusar da shi, aka sa masa bindiga a ƙeya.

Babban ya ce, "Wanga maganin bindiga na. Mun san shi."

Na ce, "Wallahi gola na, mai tsaron gida. Uwatai ta ɗaura mai. Bai taɓa riƙa bindiga ba."

Sai ya taɓa ƙwallon da ƙafa, ya sa aka jera babura biyu a gefen hanya da tazara kamar ta raga.

Ya ce, "Muna kallon ƙwallo ga waya, ba jahilai muke ba. In gola na, shi kama. Kai kau ka buga da gaske. In kab buga mai a hankali, na san kun haɗa baki, ku biyu za ni bari nan. In taw wuce shi, ƙarya kay yi mani, shi za ni bari nan."

Na roƙa a bar ni in sa takalmi, aka bar ni. Na kasa ɗaure igiyar, sai na cusa ta ciki. Ɗan yayata ya tsaya tsakanin baburan ba safar hannu, gwiwoyinsa suna kaɗawa har ina gani daga inda nake. Babban ya tsaya dab da ni yana kallon fuskata, ba halin ƙifta ido ko gyaɗa kai.

Duk rayuwata na koyi yadda ake ruɗa mai tsaron gida, ban taɓa koyon yadda ake gaya masa gaskiya ba. In na kalli damansa, zai iya cewa yaudarar Kawu ce ya tafi hagu. In na kalli hagu, zai iya bin idona. Ni da kaina na lalata masa amincewa da fuskata, ina yi ina dariya. Sai na yanke shawara ba zan kalli ko'ina ba. Na sunkuyar da kai, na ja baya, na taho, na dasa ƙafar hagu da yatsunta suna nuna damansa ƙarara kamar mai nuna wa baƙo hanya, ina cewa a zuci, ka kalli ƙafa, don Allah yau kaɗai ka kalli ƙafa. Na buga da duk ƙarfin da ya rage a gwiwar, ƙasa-ƙasa.

Ya faɗi dama. Na ji ƙarar ƙwallo a hannunsa, ta kauce ta faɗa cikin gero.

Sai wani daga cikinsu ya fashe da dariya, sauran suka bi. Babban ya ce ashe lamba taran banza ne ni. Ban taɓa jin zagin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Suka kwashe wayoyi da takalma, babban ya cire usur ɗin daga wuyana da kansa ya ce kada ya sake jin sa da safe. Suka hau baburansu suka shige geron.

Ba mu je Isa ba. Abokina ya juya mota, muka koma gida. Ɗan yayata yana riƙe da hannunsa, ƙaramin yatsan ya karye ya kumbura. Yayata ta kalli yatsan, ta kalle ni, ta shafa kambun ta shige ɗaki tana kuka.

Da tsoron ya lafa, halina ya dawo. Na riƙa ba da labarin a majalisa da shagon mai shayi, ina cewa koyarwa ce ta yi rana, yaron da ya ƙi kallon ƙafa a atisaye ya kalle ta ran da ake bukata. Ina tashi ma in nuna yadda na dasa ƙafar. Shi kuma in yana wurin sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai, na ɗauka kunya ce.

Shekaru suka wuce, ya yi aure. Ranar sunan ɗansa na fari na sake zuba labarin ga baƙi, har da ƙari. Da aka watse ya biyo ni zaure ya zauna kusa da ni.

Ya ce, "Kawu, in hwaɗa maka gaskiya?"

Na ce faɗi.

"Ban ga ƙahwarka ba rannan. Ko ƙwallon ban gani ba. Bakin bindigar wanda ke bayanka nike kallo, ƙahwahuna sunka mutu, nih hwaɗi. Inda nih hwaɗi, nan taz zo."

Ina zaune a zauren gidanmu, ana ta guɗa a ciki, ƙamshin naman suna ya cika ko'ina, amma tsoron da ya kama ni ya fi na ranar. A hanyar Isa aƙalla ina ganin akwai abin da ke hannuna. A zauren na gane na ɗaga ƙafa ne na buga da ƙarfi, kuma da gwiwarsa ta hagu ce ta fara saki, da ni ne na ci ƙwallon da aka kashe ɗan yayata a kanta.

Har yau ina koyar da ƙwallo, amma a cikin filin makaranta, da yamma, kuma tafi nake yi maimakon usur. Ina dai gaya wa masu tsaron gida su kalli ƙafa, don gaskiya ce, sai dai na daina cika baki a kanta. In samari suka ce Koci zo ka nuna mana fanareti, sai in ce gwiwa. Yayata har gobe ta yarda kambunta ne ya yi aiki, kuma ni da shi ba wanda ya gyara mata.

Yatsan nan bai koma daidai ba, ya warke a karkace. Duk lokacin da muka gaisa ina jin sa a cikin tafina, sai in riƙe hannun fiye da yadda ake riƙewa a gaisuwa. Shi ma ba ya janyewa.