Shamuwar Kwali da Ruwan Farko

Shekarun baya, tun ban yi aure ba, na taɓa koyarwa a wata 'yar makarantar yara a Gyaɗi-Gyaɗi. Ɗaki uku ce da rufin kwano, ni ke riƙe da ajin 'yan shekara huɗu zuwa biyar. Lokacin ina ji da kaina, wai ni mai sabon salo. Sauran malamai a rera a maimaita, ni kuwa sai na karanta wa yara littafin hotuna, sannan mu baje a tabarma mu ƙera abin da ke cikin labarin. Abokiyar aikina har tsokanata take yi, wai ajina ya fi shagon tela tarkace.

A wata bazara, irin wadda kwano ke ƙara don zafi, ba wuta balle fanka, na samo wani littafi wajen masu sayar da tsofaffin littattafai. Labarin wata shamuwa ce da ta bar 'ya'yanta a kan bishiya ta yi tafiya mai nisa. Ta ce su jira ta, ranar da ruwan farko ya sauka za ta dawo. A shafin ƙarshe kuwa ga ruwa, ga uwa ta dawo. Na ce kai, wannan ya zo a kan gaɓa, tunda kowa ya zuba wa gabas ido yana jiran hadari.

Muka tara kwalayen sabulu muka yanka. Tsinken tsintsiya ya zama ƙafafu, gawayi ya yi mana baƙin baya, alli ya yi farin ƙirji. Yara suka yi duƙun-duƙun, wata shamuwar ma ta fi kama da akuya, amma kowa na murna da tasa.

Akwai wata yarinya da aka kawo mana a tsakiyar zango, kakarta ke rako ta kullum daga Tarauni. Shiru-shiru ce, ba faɗa ba ƙiriniya, ko wasa sai na ja hannunta. Ran nan sai na ga ta fi kowa dagewa, har da lasar yatsa tana gyara bakin tsuntsuwarta. Da ta gama ta zo ta tsaya a gabana.

"Anti, Ummana ma ta yi tafiya."

"Ina ta tafi?"

"Kaduna, wajen yayarta. Ta daɗe."

Ban tambayi kowa ba, ban ma yi tunani ba. Daɗi kawai nake ji yau yarinyar nan ta buɗe baki. Na ɗaura wa shamuwarta zare na ce, "To ki rataye ta a bakin ƙofarku. Ranar da aka yi ruwan farko, Umma za ta dawo, kamar ta cikin littafi."

Ta ce, "Da gaske?"

Na ce, "Anti tana ƙarya ne?"

Daga ranar yarinya ta canja. Kullum da safe kafin ta ajiye jaka sai ta ce, "Anti, yau za a yi ruwan?" In ce saura kaɗan. Ta fara cin abincinta, ta fara dariya, lokacin tara takan leƙa taga ta duba sama. Ni kuma, sarkin wayo, har alfahari nake wa abokiyar aikina, wai ta ga aikin littafi.

Ruwan ya sauka wata Asabar bayan azahar, mai ƙarfi, da iska. Ina gida ina tara bokitai ina shaƙar ƙamshin ƙasa. Wallahi ko tuna yarinyar ban yi ba.

Litinin ba ta zo ba. Talata sai ga kakarta ita kaɗai, ta tsaya a bakin aji ta ce tana son ganina. Na fito na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice.

"Malama, ke kika ce wa yarinyar nan uwarta za ta dawo ran da aka yi ruwa?"

Na ce, "Ni ce, Inna. Ai ta ce min tana Kaduna."

Ta kalle ni ta ce, "Uwarta wata uku ke nan a ƙasa."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a dandamali.

Ta ba ni labari ba tare da ta ɗaga murya ba, kuma da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Ana fara ruwa, suna ta kwashe shanya, yarinyar ta cire shamuwar daga ƙofa ta sulale. Sun fi awa biyu suna nema lungu-lungu, ga kwatoci sun cika sun tumbatsa, har an fara cewa a duba cikinsu. A bakin titi aka same ta, inda adaidaita sahu ke sauke fasinja. Duk wanda ya tsaya sai ta ruga ta leƙa ciki. Kwalin ya narke a hannunta, tsinkayen kawai ta riƙe. Da aka ɗauko ta tana ta fizge-fizge, tana cewa a bar ta, Anti ba ta ƙarya. Zazzaɓi ya rufe ta, ta ƙi ci ta ƙi sha, da an saki hannunta sai ta nufi ƙofa. Dole kakar ta zaunar da ita ta faɗa mata gaskiya.

"Mu ma ƙarya muka yi mata, ban musa ba," in ji tsohuwar. "Haka muka taso muka ga ana yi. A ce ta yi tafiya, har yaro ya yi wayo ya gane da kansa. Amma mu ba mu sa rana ba, Malama. Ke kika sa."

Bayan an tashi na bi ta Tarauni. Na tarar da yarinyar kwance a tabarma, ta rame cikin kwana uku. Na zauna kusa da ita na kira sunanta. Ba ta juyo ba, bango take kallo.

"Anti, kin san ta mutu?"

"Wallahi ban sani ba."

"To me ya sa kika ce za ta dawo?"

Sai kuka ya ƙwace min. Ni da na je lallashi, ni aka ƙare da ba wa haƙuri.

Ta warke, ta dawo ta ƙarasa zangon. Tana gaishe ni, tana yin abin da na sa ta, amma ba ta sake tambayata komai ba, ko da izinin shan ruwa ne. Bayan hutu aka ce mahaifinta ya tafi da ita garinsu.

Ban taɓa ganin laifin tsohuwar nan ba, tausayi ne ya sa su, ni ma shi ne ya sa ni, da rawar kai. Sai dai na gane yaro ba ya ɗaukar maganar babba a matsayin lallashi, riƙe ta yake yi da hannu biyu. Har yau idan na tuna, kunya da baƙin ciki nake ji kamar jiya aka yi.

Bara mahaifiyata ta rasu, 'yata na da shekara huɗu. 'Yan'uwa suka ce a ce mata Hajiya ta tafi Umara. Na ce a'a, suka yi ta min faɗa wai ba ni da tausayi. Na ɗora ta a cinya na ce, "Hajiya ta rasu. Ba za ta dawo ba, mu ne za mu je mu same ta." Ta yi kuka, ni ma na yi. Amma ba ta jira kowa ba.