Na goge muryar Inna

Yau na ajiye kwamfutata gaban Malam Sani mai gyara a Gwarzo. Bisa kuskure na goge muryar marigayiya Innata, wadda na ɗauka tana min addu'a.

Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Da irin tsohon faifan ajiya ne a kwamfutar, da na lalubo miki ita. Wannan sabon kuwa kashi-kashi yake ajiya. Kwamfuta na gaya masa kashi ya zama fanko, sai ya share shi gaba ɗaya."

Na ce, "Ko kalma ɗaya, Malam?"

Ya girgiza kai. "Sai haƙuri."

A motar komawa gida Kabo na yi ta maimaita addu'ar a raina, amma da muryata take fitowa.

Ku da kuka rasa uwa, har yanzu kuna jin muryarta?