Harsashi Mai Nauyi da Kunnen Yaya

Ina tsaye a wani shago a Rusholme ina zaɓen kuɓewa matar yayana ta kira ni. Motocin bas sai wucewa suke yi, da ƙyar nake jin ta. Ta ce, "Auta, ki zo Birmingham ƙarshen satin nan ki yi wa yayanki magana ya bar harbin nan. Kunnensa na hagu ya kusa tafiya. Likitansa na GP ya tura shi asibitin kunne, ya ƙi zuwa. Ke kaɗai yake jin maganarki."

Na so in ce, Anti, ai jin ne matsalar, amma na ji muryarta ba ta wasa ba ce.

Yayana injiniya ne, ya zo ƙasar nan tun ban yi aure ba. Wani abokin aikinsa ne ya kai shi kulob ɗin masu harbin takarda, abin ya shiga ransa, har ya yi lasisi, 'yan sanda suka zo suka duba akwatin ƙarfen ajiye bindiga da ya kafe a bango. Ni ban taɓa sakin jiki da abin ba. A gida duk labarin da aka ambaci bindiga a ciki da salati yake ƙarewa. Nan kuwa dattawa ne masu furfura za su huda takarda, su cire ta su yi ta kallo, sannan su sha shayi.

A mota na shirya nasihata tsaf. Jiki amana ne, kunne amana ne, za a tambaye mu a kansu. Na maimaita har na haddace.

Da na isa unguwarsu Ladywood, Anti ta ciyar da ni, ta nuna mini sama da haɓarta. Na same shi a ɗan ɗakinsa, gaban wani inji mai hannu da ya ɗaure a bakin teburi, kamar injin taliyar mahaifiyarmu. Kwanson harsasai na tagulla a jere, tas da su, ka ce kwalaben turare ne. Shi yake haɗa harsashinsa da kansa, wai ya fi na saye bin saiti. Na gaishe shi, na ja kujera na zauna inda na ga wuri.

"Miƙo hannu," ya ce. Ya ɗora mini kawunan harsashi biyu a tafi, ɗaya ya ɗan fi tsawo. "Wanne ya fi nauyi?"

Na nuna dogon.

"To shi ne ya fi shiru."

"Yaya, ai abu mai nauyi shi ya fi ƙara. Saki turmi ka saki ludayi ka ji."

Ya yi dariya har gilashinsa ya zamo. Ya ce bindigarsa doguwa ce amma harsashin ƙaramar bindiga take ci, kuma ya sa mata wani bututu a baki mai haɗiye ƙara. Sai dai ƙarar harbi biyu ce. Akwai ta albarushi, wadda bututun yake sha, akwai kuma wata kamar karan bulala, wadda harsashi yake yi in ya riga sauti gudu. Wannan bututu bai iya mata komai. Dole harsashin ya tafi a hankali, kada ya wuce sauti, mai nauyi kuma shi ne ba ya gaggawa.

Na ce, "Ta yaya abu zai riga ƙararsa? Ai tare suke fita."

"Ba kya ganin walƙiya kafin ki ji tsawa?"

"Wato walƙiyar ce harsashin?"

"A'a. Ita haske ce."

"To me ya kawo ta?"

Ya sosa gemu. Ya ƙara da cewa shi kansa sautin yana rage gudu in an yi sanyi, don haka harsashin da ya yi shiru da bazara zai iya yin tsawa a hunturu. Nan na ajiye ƙoƙarin ganewa. Ni na san sanyin ƙasar nan yana hana wanki bushewa, ban san har sauti yake kamawa ba.

Na tambaye shi me zai hana ya ɗauki mafi nauyin duka a huta. Ya ce in nauyin ya yi wa bindigar yawa harsashin ba ya tafiya a miƙe, sai ya riƙa tangaɗi ya faɗa wa takarda a kaikaice, wani lokacin ma ya gogi bututun. Shi ya sa ya kasa yanke wa kansa tsakanin biyun nan. Sai giren kaza, giren kaza yake ta cewa. Na ce mene ne kuma giren? Ya ce ma'auni ne, asalinsa nauyin ƙwayar sha'ir ɗaya.

Sai na tuna wani abu. A Islamiyya, a babin zakkar zinariya, malamarmu ta ce da ƙwayoyin sha'ir magabata suke auna misƙali. Na dubi abin da ke hannuna. Ashe ƙwayar da ake auna haƙƙin miskini da ita, da ita ake auna wannan. Ban san ko abin ya kamata ya ba ni tsoro ko natsuwa ba.

Ya juya ga sikelinsa, ni kuma na ga lokaci ya yi. Na sassauta murya kamar yadda ake yi wa babba, na faɗi nasihata duka, tun daga amana har zuwa hawayen Anti. Ni kaina sai da idona ya ciko. Na gama na jira.

Ya waiwayo da fara'a. "To, Auta, wanne kika zaɓa mini?"

Sai a lokacin na lura a hagunsa na zauna. Ko harafi ɗaya bai shiga ba.

Na tashi na zagaya damansa. Nasihar duk ta watse mini, na rasa ta inda zan kamo ta. Na ce, "Yaya, na daɗe ina yi maka magana ta can."

Ya dube ni, ya dubi kujerar da na baro. Ya cire gilashi ya riƙe shi a cinya.

"Da yawa kika faɗa?"

"Da ɗan dama."

"Jiya ma a masallaci," ya ce, sai bai ƙarasa ba. Can ya ce, "Ina tsoron likitoci su ce mini na makara ne."

Sai na miƙa masa dogon harsashin na ce ya ɗauki wannan tunda ya ce ya fi shiru, amma ba za a harba shi ba sai likita ya leƙa kunnen. Ya karɓa ya ce to.

Da na sauko Anti ta tare ni a kicin. "Ya ce zai bari?"

"Ya ce zai je asibiti."

"Harbin fa?"

"Na... zaɓar masa harsashi."

Ta ajiye wuƙar albasa ta dube ni. "Auta, na aike ki kashe wuta kin je kin zaɓo itace."

Ya je asibitin. Kunnen hagun ba zai dawo yadda yake ba, suka ce, amma sun sa masa ɗan abin ji, sun kuma gargaɗe shi a kan na dama. Kulob bai bari ba, yana toshe kunne ninki biyu ya tafi. Anti ta ce rabin aiki na yi mata, maigidana ya ce ai rabin da ya fi muhimmanci ne. Ni har yau in na idar da salla ina sa kunnen nan na dama a addu'a, don ban san ko na taimaka an tsare shi ba ne ko kuwa da hannuna na ba da izinin a ci gaba.