Takalmin Ƙanƙarar da Yaya Sanusi Ya Saya wa Jidda

Hunturun nan ya cika shekara bakwai da muka kai Yaya Sanusi makwancinsa can ƙetaren kogi, kuma har yau in aka ce in faɗi wane irin mutum ne sai in tsaya ina kame-kame. Ni ce ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya ɗauko ni daga Kano ya kawo ni unguwar Bronx a Amurka. Ya kamata a ce na san shi ciki da waje. To ga shi 'yarsa Jidda, wadda ya bari tana da shekara huɗu, ta fara tambayata yadda babanta yake, wai ita ko muryarsa ba ta tunawa. Maganar nan ta tsaya min a rai. Ina tsoron yarinyar ta girma ba ta riƙe komai na ubanta ba sai hoton da ke bangon falo.

Yaya tebur yake kafawa a Fordham Road, yana sayar da hular sanyi da safar hannu da mayafin wuya. Ban taɓa ganin mutumin da ya tsani sanyi irinsa ba. Wando kan wando, riga kan riga, har tafiyarsa takan canja. Kuma kowa ya san hutun makaranta na ƙarshen shekara shi ne kakar masu irin sana'arsa. Amma da an ba yara hutu sai ya naɗe teburinsa ya kai ajiya, ya taso ɗansa Khalifa da Jidda da duk yaron maƙwabta da ya samu a benenmu na unguwar Soundview, ya zuba su a jirgin ƙasa sai Manhattan, filin zamiya a kan ƙanƙara. Abokan kasuwarsa, 'yan Nijar da 'yan Kumasi, har tambayata suke yi ko lafiya yayan nan nawa yake.

Ni ma na tambaye shi, ba sau ɗaya ba. Wata rana ya ce don in an koma makaranta malama ta tambayi abin da kowa ya yi a hutu, kada nasa yaran su sunkuyar da kai. Wata rana ya ce gidan ne ya yi musu ƙunci. Wata rana kuma dariya kawai ya yi, ya ce, “Ke dai Binta riƙe min jakar nan, surutunki ya yi yawa.” Shi kuwa ko da wasa bai taɓa ɗora ƙafarsa a kan ƙanƙarar ba. Yana bayan shinge, takalman yaran duk a rataye a wuyansa don bai yarda ya bar su a hannun masu wurin ba, haƙoransa na kaɗawa, yana ƙwala musu kira da Hausa Turawa na waiwayowa.

Ga inda abin ya fi ɗaure min kai. A wurin nan haya ake bayarwa na takalmin zamiyar, mai ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa. Ka sa na ɗan lokaci, ka cire, ka mayar. Amma in an tambayi Yaya lambar ƙafar yaro, sai ya faɗi wadda ta fi. Haka aka yi mana muna yara, takalmin Sallah sai an cusa tsumma a gaba, to shi ma haka ya taso da abin har cikin ƙashinsa. Mai ba da hayar ta nuna masa da hannu cewa ya yi yawa, ya ce a'a, a bar shi. Ya fito da safa daga aljihu ya cusa a gaba, ya ɗaure igiya, ya ce, “Za su girma a ciki.” Na ce, “Haba Yaya, kafin la'asar za su girma?” Ya harare ni. Yaran nan kuwa sun sha ƙasa, Allah Sarki, ƙafa na yawo a cikin takalmi, su tashi su faɗi. Mu a lokacin mun ɗauka jininmu ne bai karɓi ƙanƙara ba.

A hunturunsa na ƙarshe ya shigo gida da kwali daga shagon gwanjo. Takalmin zamiya ne fari tas, na mata, wai na Jidda. Matarsa, Anti Rabi, ta yi dariya har da riƙe ciki, don saura kaɗan ƙafafun yarinyar biyu su shige cikin ƙafa ɗaya. Ya ce ba komai, yana nan yana jiranta, ya ɗora kwalin can saman wadrob. Ba a koma makaranta da daɗewa ba ciwon ƙirji ya kama shi. Muna cewa mura ce, ashe tafiya ce.

Daga nan ba wanda ya ƙara zancen ƙanƙara a gidan. Anti Rabi ta shiga aikin kula da tsofaffi, ba ta da hutu sai na barci. Ni na yi aure na haifi Ummi. Wani lokaci nakan zauna ina tunanin abin da Yaya zai ce da ya leƙo yau. Khalifa ya fi shi tsawo, hutu in ya zo yana ɗaki da waya a hannu, ka yi masa magana da Hausa ya amsa da Turanci. Jidda ma haka, tana jin komai, amma bakinta ya ƙi. Zai yi faɗa ne, ko zai ce ai abin da ya kawo su ke nan, su zama 'yan ƙasa? Wallahi ban sani ba. Mutumin da ya hana a yi masa Turanci a kan tabarmar cin abinci shi ne kuma ya kwashe su ya kai su wasan Turawa, kuma ban taɓa jin ya ga wani saɓani a ciki ba.

Da aka ba da hutun bana Jidda ta sake tayar da tambayarta, sai kwalin ya faɗo min a rai. Na ce wa Anti Rabi mu sauko da shi. Ta ce tun ranar da ya ɗora shi ba ta iya kai hannu wurin ba. Khalifa ne ya miƙa hannu ya ɗauko, ko kujera bai taka ba. Na zaunar da Jidda, na ce mata ga abin da babanki ya saya miki da hannunsa. Ta cire safa, ta tura ƙafa. Yatsu suka shiga, dunduniya ta ƙi. Ta tura, na tura, Khalifa ya sassauta igiyar gaba ɗaya, ina! Takalmin ya jira ta har ta zo ta wuce shi, ba wanda ya lura.

Na ji haushi, kuma na rasa wanda zan ji wa. Shi da ya sayi abin da ba a sawa a lokacinsa, ko shekarun da suka wuce muna fama da kanmu? Anti Rabi ta tashi ta shige kicin. Jidda ta zauna da takalmin a cinya tana shafa ƙarfen, ba ta yi kuka ba, ni ce ma nake share ido da bakin mayafi.

Sai ga Ummi, 'yata mai shekara biyar, ta zo tana leƙe. Jidda ta jawo ta ta zaunar, ta zura mata takalmin, ƙafar ta ɓace a ciki. Na ce, “Jidda, cire mata, ya yi mata yawa.” Ba ta ko ɗago ba. Ta ɗauki safarta da ta cire, ta dunƙule, ta cusa a gaba, ta ja igiya. Sannan da Hausa, Hausar da na yi shekaru ban ji a bakinta ba, ta ce, “Gwaggo, za ta girma a ciki.”

Anti Rabi ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya. Na tambayi Jidda a ina ta ji wannan magana. Ta ɗaga kafaɗa ta ce ita ma ba ta sani ba. Khalifa ya rantse bai taɓa faɗa mata ba. Ko ta tuna ne tun daga bakin shingen nan, ko kuwa magana ce da duk uwar Bahaushe ke yi ta tsinta a wani gida, oho. Na juya abin a raina har na gaji.

Washegari na kwashe yaran muka je filin zamiyar, na tsaya a bayan shinge ina rawar ɗari, na karɓa wa kowa takalmin haya daidai ƙafarsa. Farin takalmin kuwa yana gidana yanzu, ba a saman wadrob ba, a bakin ƙofa cikin takalman da muke cirewa kullum, inda zan riƙa gwada wa Ummi. Har yau ban gane abin da ya kai Yaya Sanusi kan ƙanƙara ba, mai yiwuwa kuma ba zan gane ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Jidda dai ta ce ba ta tuna muryar babanta. Ni kuwa ranar nan, a falon Anti Rabi, na ji ta.