Tanko da Tukunyar Filasko

A gidanmu na Roni, lokacin sanyi, da an idar da sallar magariba kakarmu Inna Tambai takan hura wuta da karan dawa a tsakar gida. Mu jikoki shayin doddoya take dafa mana. Nata daban ne, na ganyen filasko, shi ma sai cikinta ya ɗaure take shan rabin kofi. Ni kuwa uwar kwaɗayi, idona kullum yana kan nata. Ranar da ta kama ni na tsoma cokali a ciki ba ta dake ni ba, cewa ta yi mu matso. Muka yi ta ture juna don murna.

"Ga wata nan ta taso daga Gwiwa a ƙafa," in ji ta.

Muka haɗa baki: "Ta ƙaraso mu ba ta tabarma."

Wai wani Tanko ne, matarsa ta je haihuwar fari gidan iyayenta. Da aka yi arba'in ya zuba babbar riga, ya zo roƙon a ba shi ita da jaririn su koma gida. Aka yi masa shimfiɗa a zaure, kowa ya ba shi wuri, tunda suruki ba ya cin abu a gaban mutane. Ga tukunya a gefe. Filasko ne aka dafa wa tsohon gidan, uban matar, ya manta ya tafi kasuwa. Tanko ya ɗauka tarbar baƙo ce, tambaya kuma kunya. Ya kurɓa ya ji bauri, amma ya shanye tas don kada a ce ya raina.

Sai la'asar tsoho ya dawo, daidai lokacin da filasko ya fara aiki. A nan Inna takan gyara zama ta yi muryar tsoho: "Ina gajiya? Ya mutanen Gwiwa? Ya geron bana? Ya jakin nan naku mai ɗingishi?" Sai ta durƙusa ta zama Tanko, ta dafe ciki, ta matse murya: "Lafiya lau, Baba." Mu kam mun zube ƙasa, har ƙanwata ta kusa sa ƙafa a wuta.

Ciki na ƙugi, gumi na zuba, amma a ce suruki ya tambayi ban ɗaki? Tsoho ya dube shi ya ce, "Anya lafiya, yaro?" Ya ce lafiya lau. Can ya zabura da gudu, ko takalmi bai ɗauka ba, balle ya faɗi abin da ya kawo shi. A gonar bayan gari aka tsince shi ba ya iya miƙewa, aka mai da shi Gwiwa a kan jaki. Matar ta ƙara wata guda a gidansu.

"Filasko magani ne," in ji Inna tana nuna ni da cokalina. "Yana sassauta ciki, ya sauke kumburi. Amma ki zarce, murɗa da zawo su kwantar da ke. Ba na kullum ba ne, ba na yara ba, ba na mai juna biyu ba."

Na daɗe ina zaton labarin kwaɗayi ne. Sai da na yi aure a Kazaure, ina da cikin fari, ciki ya ɗaure mini, uwar mijina ta dafa mini filasko da hannunta. Na san bai dace ba, amma na kasa ce mata a'a. Kwana huɗu ina sha, ina murɗawa a ɓoye, har jiri ya fara ɗibata. Ita ta raka ni awo. Malamar asibiti ta ce, "Kina shan wani abu na gargajiya?" Ga suruka a gefena. Wallahi har bakina ya ɗauko "lafiya lau", sai tsoro ya kama ni don abin da ke cikina. Na sunkuyar da kai na faɗa.

Aka sa mini ƙarin ruwa, aka ce in daina daga ranar. A hanyar gida ban iya kallonta ba, sai na ji ta riƙe hannuna. "Gara da kika faɗa, 'yar nan," ta ce. "Da kin yi shiru, da gobe ma na dafa miki."

Kunya ado ce a wajenmu, ban musa ba. Amma ranar na gane akwai inda take cin mutum, har ta ci wanda bai zo duniya ba tukuna.