Goggo Sidora, Mai Tsaron Ƙofar Ruwa

Kafin masunta su tura kwale-kwalensu, Isidora Balasbas ta riga ta sauko bakin teku. Za ka gan ta da doguwar hular kaba irin wadda matan tsibirinmu na Batan ke rufe kai da baya da ita, da sanda a hannu, da ƙahon busawa a wuya. Takan zauna ta fuskanci ruwa, ba ta tashi sai kwale-kwale na ƙarshe ya dawo. Haka take yi kowace shekara, daga buɗe kamun kifin arayu har rufewa. Kowa Goggo Sidora yake ce mata, har mu sa'anninta.

Aikinta hana mutane jin daɗi ne, kuma ta iya. Gaɓarmu duk dutse ce, sai wata 'yar kafa guda da kwale-kwale ke fita da shiga. Ita muke kira ƙofa. Ranar buɗe kamu a bakinta ake yanka, dattawa su yi addu'a. Daga ranar babu mai iyo ko wanka a cikinta sai an rufe, ɗan gari ne ko baƙo. Kakanninmu sun ce ƙofar da aka ɓata, kifi na gudunta. Ni na yi sana'ar su har ƙarfina ya ƙare, zan ƙara da abin da na sani. Mai tuƙi baya yake ba gaɓa, idonsa na kan igiyar ruwan da za ta ɗauko shi. In ta ɗauko shi, ba shi da birki. Duk abin da ke cikin ƙofa, ba zai san da shi ba sai ya bi ta kansa.

To ruwan ƙofar nan shi ne mafi kyau a duk gaɓar, garau, cike da ƙananan kifaye masu launi. Tun da baƙi suka fara zuwa hutu daga Manila, can kowa ke so. Ɗan wanta Artemio, mai masaukin baƙi, kullum sai sun yi.

"Goggo, mutanen nan jirgin sama suka hau suka zo. Ki bar su su tsoma ko ƙafa mana."

"Su zaga bayan tsauni, can ma ruwa ne."

"Can babu kifi masu launi."

"To su kalli na faranti."

"Haba Goggo, ko marigayi mijinki ba ki tsare shi haka ba."

"Shi ba ya shiga inda aka hana shi. Kai ne ka ɗauko taurin kan ubanka. Kwashe su ku ba ni wuri."

An ce mata muguwa, an ce mata mai baƙin ciki. Akwai masu masauki da suka daina gaishe ta. Ba ta canza ba.

Ranar da nake son bayarwa, bara waccan ce. Iska ta juya da rana tsaka, teku ya kumbura. Kwale-kwale suka taru a waje suna jiran layin shiga ƙofa. Ina can sama wurin shanya kifi, komai a idona, amma nisa ya hana ni komai. Wasu baƙi biyu, miji da mata, sun zago ta bayan duwatsu inda Goggo ba ta iya hangowa, suka sulale cikin ruwa. Fuskokinsu a ƙasa suna kallon kifi, kunnuwansu a nutse. Ruwa na jan su a hankali zuwa tsakiyar ƙofa.

Sai a lokacin Goggo ta gan su. Ta busa ƙaho, iska ta kwashe sautin. Ta sake busawa. Melesio, wanda layi ya zo kansa, ya riga ya zaɓi igiyarsa ya duƙa kan filafili. Kwale-kwalensa cike da kifi, ga nauyi, ga gudu. Ko da ya ji, juyawa a wurin nan kifewa ce a kan dutse.

Sai ta yar da hula ta shiga. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, a ruwan da ta shekara da shekaru tana hana kowa taɓawa. Ruwa ya kai mata ƙugu, ya kai ƙirji. Ta damƙi matar a gashi ta fizgo ta jikin dutse. Mijin ya ɗago yana masifa, bai san abin da ke bayansa ba. Ta saƙala masa sandar a wuya ta jawo shi. Kwale-kwalen ya wuce ta inda kansa yake yanzun nan. Su biyun ko ƙwarzane. Ita filafilin Melesio ya same ta a kafaɗa, ƙashi ya karye.

Da ta samu sauƙin tashi, aka yi zama a rumfar masunta. Wuri ya yi zafi. Wasu na cewa an ɓata ƙofa, kifi zai gudu, dole wanda ya shiga ya kawo abin yanka a tsarkake ta. Baƙin kuwa tuni sun hau jirgi. Melesio ya miƙe.

"Duk wanda ya ce Goggo ta biya, ni da shi ne. Ba don ita ba da yanzu ni mai kisan kai ne."

Har an fara gyaɗa kai za a yafe, sai ta yi magana, hannunta ɗaure a wuya.

"Zauna, Melesio, kana tare min iska. Na shiga ko ban shiga ba?"

"Kin shiga, Goggo, amma..."

"To babu amma. In kun yafe min yau, gobe Artemio zai kawo nasa dalilin, jibi wani ya kawo. Da wane bakin zan hana su?"

Aladenta guda, wanda take kiwo saboda bikin gari, shi ta sa aka jawo. Aka yanka a bakin ƙofa, aka ci gaba da kamu. Tun daga nan ban sake jin wani ya roƙi a tsoma ƙafa ba. Artemio da kansa yake jan baƙinsa zuwa bayan tsauni.

Sidora, ke ce idon wanda ba ya ganin gabansa. Ke ce kika karya dokar don rai, kika biya don dokar ta tsaya. Ni ba mai yawan yabo ba ne, kowa ya sani. Amma 'ya'yanmu da suka dawo gida lafiya duk shekarun nan, da baƙin da suka koma suna zaginki da ransu, bashinki ne a kanmu. Mun gode. Allah ya saka miki.

Hannun bai koma daidai ba, bana ta ajiye aikin. Na je gaishe ta, na tambaye ta wa take gani zai iya. Ta ce ba ƙarfi ake nema ba, ba iya iyo ba, a nemo wanda zai jure a wuce shi ba gaisuwa.

Ku matasa kun ji. Babu albashi, babu godiya sai an tsufa. Wanda ya san zai iya, ya same ni a gida kafin ranar yanka.