Layin da Na Ja a Littafin Malama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, tara ga watan Afrilu, ina wanke kwalaben gwaji, 'yarki ta kira ni ta ce rai ya yi halinsa. Malama, famfo na ta zuba, na kasa kai hannu in rufe.

Shekara goma sha bakwai ina aiki a ƙarƙashinki a ɗakin bincike. Ke kika koya mini cewa DNA, wato kundin gadon halitta, a jikin ƙwayar bakteriya zare biyu ne a murɗe masu jerin haruffa, kowane harafi da abokinsa a ɗaya zaren. In harafi ya lalace, akwai wani sinadari, enzayim, da ke bin zaren ya gano shi, ya fizgo shi waje ya yanke, sannan a duba abokin a cike gurbin. Da zif ɗin jakarki kike nuna wa ɗalibai, har zif ɗin ya mutu kika koma ɗaure ta da roba.

Uwar Gaggawa kike kira na, kuma na ci sunan. A shekarata ta farko na musanya lamba a kwalabe biyu, ta bakteriya masu enzayim ɗin da ta marasa shi, aikin wata huɗu ya bi ruwa. Kika tarar da ni zan yage shafin daga littafin aikinmu ina kuka. Kika karɓe littafin, kika ja layi ɗaya a kan kuskuren yadda zai karantu, kika ce ko enzayim ba ya yar da zare saboda harafi ɗaya. Daga ranar muka koma littafi biyu, naki da nawa, kowace Alhamis mu zauna a bakin taga mu kwatanta. Sai shayinki ya huce kike tuna da shi. Wallahi ina kewar Alhamis ɗin nan.

Akwai abin da ke ci mini rai, gara in faɗa. Shekara goma kina kan cewa enzayim ɗin yana fizgo kowane harafi ya duba. Kina asibiti gwajinmu na ƙarshe ya kammala, ya nuna wanda ya yi sako-sako kawai yake fizgowa. Sau uku na maimaita, bai canza ba. Ran Litinin na zo gaishe ki, kika tambaye ni aikinmu, na ce da saura. Ƙarya na yi miki. Na ga yadda kika rame, na ce bari ki ji sauƙi tukuna. Ni da ban iya jira ba, ranar na jira.

Bayan kwana bakwai da rasuwarki 'yarki ta kawo mini littafinki cikin jakar nan mai roba. A shafin ƙarshe kin sa kwanan watan Litinin ɗin, kika rubuta:

“Ƙanwata, fuskarki ba ta iya ɓoyo ba. Ki rubuta sakamakon yadda ya zo. Ki ja layi ɗaya a kan nawa, kada ki yage.”

Jiya na ja layin. Bai miƙe ba, don ba na gani sosai. Na rufe littafin na ajiye kusa da nawa a bakin taga, ba wanda zai duba mini.

Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki, da 'yarki, da jikokinki biyu, da ɗalibanki. Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Ki yafe mini, Malama. Mu layi kawai muka iya ja, Allah ne mai shafewa. Ya shafe miki kurakuranki duka, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Amin.